Turken Iyaka

Arewa da Maigatari akwai wani turke,
tsayinsa bai kai ƙugu ba.
Kakana Nomau ya ce Turawa biyu suka kafa shi,
kowa da tafintansa,
suka ja igiya a gonarmu, ba ko sallama.

Gero ya zama na Ingila,
rijiya ta koma Faransa.
Yayarsa Tasalla, da ke hayin kwari,
ta wayi gari baƙuwa.
Shi haraji da sule, ita da tamma,
gyaɗa kuma ta cinye wurin dawa.

Yau in zan gai da jikokinta
sai wani yaro mai bindiga
ya tambaye ni, da Hausa,
daga wace ƙasa nake.

Akuyarmu dai ba ruwanta,
a jikin turken take susa.