Daƙiƙa Arba'in

Shagona na caji yana Ƙofar Guga,
wayoyi sittin kan katako, kowacce da lambarta.
Ta sha bakwai ta Ilu tela ce,
ta sha takwas ta Badamasi mai balangu.
Shekara tara suna shan wuta a soket ɗaya.

Ran Laraba bidiyon ya shigo gari.
Wani mai farin gilashi ya nuna wani da yatsa:
"Ina kuɗin rijiyar?"
Ɗayan ya buɗe baki,
nan aka datse,
aka ɗora masa kukan akuya.

Daƙiƙa arba'in.
Ilu ya kalla sau goma, har allura ta soke shi,
ya ce, "An ƙure ɓarawo!"
Badamasi ya ce, "Aikin almakashi ne,
kai ma ka san sana'ar."

Kafin Juma'a mai shayi ya raba benci.
Yara na tura kurar ruwa daga Rafukka
suna kwaikwayon akuyar.

Ni na sauke cikakken, awa biyu da kwata,
ya lashe min datar mako.
Ashe mutumin ya amsa,
rabi hujja, rabi kame-kame.
A ƙarshe har sun tafa,
ɗaya na gyara wa ɗaya wuyan riga.

Na ce, wa zai kalla? Kyauta ne.
Ilu ya ce batirinsa ba zai kai ba.
Badamasi ya ce in yanko masa
inda nasu ya yi kaye.

Jiya da magariba Ilu ya miƙo waya,
bai dubi benci ba,
ya rage murya:
"Canza min soket."