Jan Fenti

Da sassafe na shiga siton Bukuru,
tocila a hannu, sanyi na cizon yatsu.
Kantocin ƙarfe sun miƙe har rufi,
hawa biyar, kowanne da buhunan taki.

Sallau mai sito ya ce, "Injiniya, ƙalau muke,
shekara tara ko tsinke bai faɗo ba."
Na ce, tsautsayi ba ya aiko wasiƙa.

A layi na huɗu na durƙusa.
Ƙafar ginshiƙi ta ɗan lanƙwashe
inda motar ɗaga kaya ta sumbace ta.
Noti biyu sun tafi yawo.
Allo ya ce tan ɗaya,
katakon sama na nishin tan biyu.

A ƙarƙashinsa Gyang ke cin ƙosai,
ƙeyarsa jingine da ƙarfen,
yana lissafin kuɗin makarantar 'yarsa.

Ambulan ya zo, naɗe cikin gaisuwa.
Na mayar.
Na buɗe gwangwani, na shafa wa ƙafar ja.
"A sauke kaya yau, ba gobe ba."

Sallau bai raka ni ƙofa ba.
Gyang ya matsa gefe,
ya miƙo mini ƙosai ɗaya.