Awon Igiya

Da kuɗin adashin shekara huɗu
da 'yan kunnen zinaren da Inna ta bar mini
na sayi fili a bayan Danbare,
inda gari ya gaji da tafiya ya tsuguna.
Dillali ya ja igiya, ya kafa turaku huɗu,
ya ce, "Barira, ga gidanki."
Na duba: tumfafiya, jar ƙasa,
karan dawar bara a tsaye tsakiyar ɗakin da ban gina ba,
da wata akuya da ba a gaya wa an sayar da makiyayarta ba.

Yaya Uwale ta tafa hannu.
"Mace ita kaɗai a dawa? Ba wuta, ba famfo,
ɗan sahu ma sai ya ja tsaki kafin ya yarda ya kai ki."
Ta kawo mini zancen Alhaji Gwadabe na Kantin Kwari:
bene a Yakasai, mata ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu.
Mutumin kirki ne, ba zan ci naman sa ba.
Sau uku ya zo, turarensa na kwana a tabarma.
Ya ce, "Sayar da jejin nan, ki zo ki huta."

Kwana bakwai ina tauna kalmar hutu kamar goro,
ɗacin ya zauna, garɗin bai zo ba.
Ai na taɓa hutawa a gidan wani.
Shekara tara.
Ranar da takarda ta fito,
ko ƙusar da na rataye madubi ba tawa ba ce.

Sai na ci gaba da taka keken ɗinki.
Riga biyu, bulo goma.
Ankon biki, buhun siminti.
Dinkin sallah ya ɗora mini kwano a ka.

Mudi kuwa rijiya ya zo haƙa.
Ba ya da zance, sai diga da tsohuwar igiya
da rediyon da sai an mare shi yake magana.
Kullum yana nutsewa ƙasa, muryarsa na yin nisa,
ni ina sama ina leƙe,
na ce aikina nake dubawa.
Daren da ruwan Agusta ya kwantar da katangar gabas,
kafin assalatu na ji motsi,
na fito da taɓarya,
ashe shi ne yake tsince bulon da bai fashe ba.

A gaba ta tara ƙasa ta yi gumi.
Ya turo guga da ruwan farko, ja kamar kunun kanwa,
ya ɗaga murya daga can ƙasa:
"Mai gida ke fara sha."
Na waiwaya neman mai gidan.
Babu kowa sai ni.

Da ya fito na ce, "Mudi, kana da magana?"
Ya dubi yatsun ƙafarsa, laka har gwiwa.
Na ce, "To ni ina da ita.
In za ka shigo, bismilla,
amma takardar filin nan sunana za ta ci gaba da amsawa."
Ya yi dariya har rediyon ya farka.
"Rijiya nawa na haƙa wa mutane a Kanon nan?
Ko ɗaya ban taɓa saɓawa na tafi da ita ba."

Na aika wa Alhaji godiya da hula ɗinkin hannuna.
Yaya Uwale ta yi fushin wata biyu,
jiya ta zo tana tambayar kuɗin filin da ke bayana.

Har yau turakun lantarki ba su ga waya ba.
Da dare fitilun jami'a na ƙyalli daga nesa,
kwaɗi na karatu a kududdufi,
zogalen da ya dasa ya wuce ni tsawo.
Ɗaki na biyu ba shi da ƙyaure tukuna.
Ya ce shi zai saya.
Na ce to, wannan na yarda.