Muryar Shibkau

Ni na ƙirga kuɗin, ba zan ɓoye ba.
Shagon aika kuɗi nake tsaro a Tawa, unguwar Bilbis.
Da hantsi Inna Kuluwa ta shigo,
jikka tamanin ƙulle a bakin zane,
kuɗin tunkiya biyu da ragowar albasa.

Ta ce, "Saurara," ta miƙo mini waya.
Shibkau ne. Tare muka yi lakwal, na san shi.
Har in'inar nan tasa in ya firgita,
har yadda yake jan "Inna" kamar mai roƙon ƙarin tuwo.
Wai an kama shi a Abijan, a aiko kafin azahar.
Na buga lamba, na danna, na ba ta takarda.

Da la'asar Shibkau ya kira daga bakin teburinsa,
lafiya lau, yana tambaya ko an yi ruwa.

An ce na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira:
a ba ta loma ɗaya ta muryar mutum,
ta tauna, ta tofo zance cikakke.
Gaisuwar sallar da ya aiko bara ta ishe ta.
Maye in ya kama kurwa, an san gidansu,
a je a sa shi tsallake.
Wannan wa za a kamo ya tsallaka?

Kwamisa ya saurara sau uku, ya cire tabarau.
"Ɓarawon kuɗi na san shi, Inna.
Amma sunan wa zan sa a nan?
Wanda ya ƙera ta, ko wanda ya yi hayarta,
ko kamfanin da ya ɗauko saƙon?"
Ya daɗe. Sai ya rubuta: wani.

Ana ta cewa manya za su zauna a Yamai,
a kafa kwamiti, a yi wa na'urar takunkumi.
Allah ya ba su sa'a, ba gatse nake ba.
Fatana dai dokar ta ji Hausa,
ta san hanyar Bilbis.

Inna ba ta jira ba, ta kafa tata:
duk wanda ya kira da sunan ɗa,
sai ya faɗi abin da ta raɗa masa daren tafiya.

Jiya Shibkau ya kira a gabana.
Shekara shida ke nan, ya manta.
Ta kashe wayar,
ta zauna a bencina tana riƙe da ita da hannu biyu
har aka kira magariba.