Kiɗan Ƙarfe a Maƙerar Baba Jatau

Ran kasuwar Kantoga na kai waya caji.
Sallau ya ce, "Ilu, matso ka ji wani abu.
Sabon faifai ne dal, satin nan ya fito
daga wata ƙasar da rana ke yi wa rowa.
Ya cinye mini data ta ɗari bakwai,
tun safe kuwa babu wanda ya ce a tura masa."

Na toshe kunne da abin ji. Tsit.
Na ce ya lalace. Ya ce, "Jira mana."
Sai gurnani ya taso daga can ƙasa
kamar tirela ta kafe a laka bayan gada.
Jita guda, kaurin muryarta ya kai gindin kuka,
a taɓa ta sau ɗaya, a bar ta ta mutu don kanta,
kafin a sake taɓawa
na haɗiyi yawu har sau biyu.

Waƙa shida ce kacal,
ta farkon minti goma sha huɗu.
A bangon faifan, jan wata da ƙoƙon kan sa.
Sunan makaɗan ya gagare ni karantawa,
rubutun kamar saiwar gamba da aka tumɓuke.
Na ba shi hamsin, ya tura.

Da la'asar ina kan zugazugi.
Na jefa wayar cikin tsohon durom don ta ƙara amo.
Kaji suka watse.
Inna Tabawa ta leƙo ta kan danga:
"Injin wa ya lalace kuma? Ga dawata ban kai niƙa ba."

Baba bai ji ba.
Shekara arba'in masaba na cin kunnensa,
sai ka yi kira uku ya waiwayo a na huɗu.
Amma ya ga ruwan kasko yana rawa.
Ya ajiye awartaki,
ya ɗora tafin hannu a jikin durom,
ya rufe ido
kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Can ya ce, "Mai gangar nan ya iya jira."
Ya zaro bakin garma daga wuta, ja wur,
ya ɗaga masaba, ya tsaya a sama,
sai da gangar ta faɗo, dim,
shi ma ya sauke.
Dim. Ƙwal.
Tartsatsi ya tashi ya sami wandona.
Ban kakkaɓe ba.

Ya ce yana yaro, suna kiwo wajen Birnin Kudu,
akwai dutsen da ke amsawa in an doke shi,
ba a kunne kake jin sa ba, a haƙarƙari.
Tun da ya kurumce bai sake jin kiɗa ba
sai yau, ta hannu.

"Me suke cewa?"
Na ce Sallau ya ce zancen tashin duniya ne.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shi ya sa ba sa sauri.
Wanda ya san babu wurin gudu
ai a hankali yake tafiya."

Ana tsakiyar ta huɗu cajin ya ƙare.
Shirun ya fi kiɗan nauyi.
Muka ji akuya, muka ji sakainar Inna,
muka ji hadari yana gyaran murya a gabas.

Garmar Malam Barau ce, tun jiya yake aike.
Baba ya tsoma ta a ruwa, ta yi cuuu,
ya juya ta, ya duba bakin da kyau.
Sannan ya laluba aljihu,
ya miƙo mini naira ɗari mai baƙin gawayi.

"Gobe da sassafe ka kai ta caji.
Saura biyu da rabi.
Kuma ka tambayi yaron nan
ko mutanen suna da wani."