Babi na Huɗu

Malamata a Nukus ta ja layi da jan biro:
"Ina shawarwarin? Hukuma ba ta karanta kuka."
Na naɗe kundin digirina, na hau motar Moynaq
da tambayoyi arba'in a jaka,
kowace da akwatinta: e, a'a, ban sani ba.

Na tarar da kakana Turdibay a inuwar jirgin ruwa
wanda tsatsa ta cinye a kan rairayi,
awaki na kiwo inda a da ake jefa koma.
Na kunna rikoda.
"Yaushe ka lura tekun ya fara ja da baya?"
Ya ce, "Ranar da na zuƙe sigari guda kafin in jiƙa ƙafa.
Shekara ta zagayo, sigari uku.
Daga baya na bar taba, tafiyar ce ba ta ƙare ba."

Babu akwatin da zai ɗauki wannan.

A aji mun haddace kalmomi masu nauyi.
Mun zana Amu Darya a allo,
mun kasafta shi gona-gona har auduga ta ƙoshi,
ragowar muka kira ta kashi cikin ɗari.
Masu ruwa da tsaki, in ji littafi.
A nan ruwan ya tafi,
tsakin aka bar mana.

Gwaggo Biybigul na tari a bayan labule,
gishiri a leɓenta, gishiri a shayin da ta kawo.
Ta ce, "Kada ki rubuta teku,
teku ya fi ƙarfin takardarki.
Rubuta musu rijiyar makaranta ta yi ɗaci."

Da dare na goge shafi goma sha biyu.
Na rubuta: injin tace ruwa, kafin sanyi ya shigo.
Na rubuta: matan da ke dasa saksaul a gadon teku,
a biya su ƙasa na hannunsu, ba baɗi ba.
Ta uku na bar ta fayau,
ban san wa zan aika wa ba.

Da asuba Kaka ya rako ni tasha.
"In kin gama, dakta za a ce miki?"
Na ce e.
"To ki fara da ƙirjin gwaggonki."
Na buɗe baki in yi masa bayani,
direba ya danna oda,
na shiga da kundin a ƙirjina, ban ce komai ba.