Kamu Goma Sha Ɗaya

Ran Asabar, kafin Dilimi ta fara ƙarar guduma,
nakan bar wa yara makullin shagon walda,
in ɗaure kurfi da igiya a bayan babur,
in nufi gindin Shere.

Mu biyar ne. Da mu bakwai ne.
Ba mai biyan mu ko sisi.
Choji, malamin makaranta, shi ke riƙe da littafin awo.
Atsi ya fi kowa sirantaka, shi muke turawa gaba.
Kaneng takan taso daga aikin dare a asibiti,
ta ƙirga mu da shiga, ta ƙirga mu da fita.
Sai Ɗanliti direba, wanda ko a rami bakinsa ba ya hutu,
sai ni.

Bakin kogon bai fi ƙofar rumbu ba.
Ka shiga da sunkuyo, ka koma rarrafe,
ka koma jan ciki, haɓa na sharar tsakuwa,
har inda ƙasa ta ce, nan na tsaya.
Choji ya kunna kyandir a wurin.
Harshen wutar ya kwanta, ya nuno mu.
Ya ce, iska ba ta fitowa daga inda babu ɗaki.

Da bokiti muka fara, ya cinye mana gwiwar hannu.
Na raba jarkar manja biyu, na huda mata hanci,
muka ja ta kamar akuya mai gardama.
Duk ta iso kwana sai ta kife.
Kwana uku ina jin haushinta.
Ran na huɗu na saro ƙarfen tsohon gadon gwaggona,
na shimfiɗa layin dogo,
na ciro boris daga mataccen injin niƙa,
ƙafar keke ta zama abin naɗe igiya.
Da numfashi ya fara nauyi a can ciki,
fankar wata Fijo da ta mutu tun ina yaro
ta tashi da batir, tana hura mana rai ta tiyo.

Mata masu kai dankali kasuwa sukan tsaya:
Kuza ce? Ko zinari?
Ɗanliti ya ce, iska muke haƙa, Mama,
in mun samu za mu sammiki.
Maiɗakina ba ta dariya.
Ta ce, kowa na gudun kabari,
kai kana kai kanka gwaji duk mako.

Wata bakwai. Kamu goma sha ɗaya.
Damina ta ƙwace uku, muka sake ƙwatowa.

Asabar ɗin da ta wuce Atsi ya yi shiru.
Kaneng ta ja igiya sau biyu, ya ja sau ɗaya.
Kurfi ya faɗa, in ji shi, ya faɗa wancan gefen.
Ƙofa kamar faifai, sanyi na bugun fuska.
Ya zura hannu har kafaɗa,
ya jawo bakin diga, tsatsa ta ci rabi,
ƙota ta daɗe da komawa ƙasa.

Tsohon loto ne.
Wani ya riga mu, daga can yake tahowa,
a kwance kamar mu, ba fanka, ba tiyo,
yana haƙar kuɗin haraji.
Kaneng ta juya ƙarfen a tafin hannu,
ta ce kakanta ya shiga irin wannan rami a Bukuru
sai hularsa aka kawo gida.
Ko Ɗanliti bai ce uffan ba.

Digar tana shagona, cikin baƙin mai.
Na sa an sassaƙo mata ƙotar kirya.
Choji ya sake kunna kyandir a sabuwar ƙofar,
har yanzu a kwance yake.
Layin dogo na bukatar ƙarin tsayi biyu.
In da mai tsohon gadon ƙarfe, ya neme ni a Dilimi.